Ɗumin da Doña Eulogia Ta Bar Mini

Ranar Talata, sha biyar ga watan Yuli, ana tsakiyar sanyi a Río Gallegos, can kudancin Ajantina, Allah ya karɓi ran Doña Eulogia Cárcamo, maƙwabciyata ta ƙasan bene. Zuciya ce ta tsaya mata da hantsi tana zaune a kicin. Ni ina sama, ƙafafuna a kan daɓe mai ɗumi, ban san ta tafi ba.

Doña Eulogia, gidan nan ya tsufa, mu ma haka. Tukunyar gas ɗaya ce a kicin ɗinki take dafa ruwan da ke bin bututu a cikin simintin daɓe, naki da nawa. Shekarar da matata Nélida ta rasu, sanyi ya kama mini gwiwoyi har na kasa sauka sayen burodi. Ɗana Rubén ya zo daga Córdoba, ya taɓa daɓen, ya ce, "Baba, in na dawo na tarar da gidan nan haka, gidan tsofaffi za ka, ba na son musu." Ni in bar ɗakin da Nélida ta cika? Gara a fitar da ni a akwati.

Ashe kina jin komai ta rufi. Washegari sai ga ki da butar mate, shayin ganyen nan namu, kina haki a matakala. Kika dubi dardumomin da na shimfiɗa biyu-biyu, kika riƙe baki.

"Don Fermín, ka toshe wa ɗumi hanya, sannan kana kukan sanyi? Naɗe su, tsohon rigima!"

Na yi ta gunaguni, amma na naɗe. Kika sa aka fitar da iskar da ta maƙale a bututu, aka wanke tsatsar ciki. Bututun da ya ratsa ta zaure kuwa da hannunki kika naɗe shi da gashin tumakin gonar ƙanenki. Da na ce a riƙa kashe tukunyar da rana don tattalin gas, kika harare ni. "Daɓe ba butar shayi ba ne. Wuta kaɗan-kaɗan yake so, kullum."

Rubén ya dawo, ya tuɓe takalmi, ya taka, ya ji ɗumi. Bai sake tayar da zancen ba.

Tun daga nan, kowace safiya nakan buga dunduniya a daɓe, ke kuma ki amsa da buga sandar shara a rufi. Ba mu cika hira ba, amma wannan ya ishe ni sanin akwai mutum a gidan.

Bayan jana'iza na sauko gaida 'yarki Griselda. Na shiga falonki da safa, sanyi ya ratsa ni har ƙugu. A bangon kicin na ga famfo biyu na ruwan zafin. Nawa a buɗe har ƙarshe. Naki a ɗaure tamau, tsatsa ta cinye shi, ko motsi ba ya yi.

Griselda ta share hawaye ta ce, "Ai tukunyar ba ta iya ɗaukar sama da ƙasa, Don Fermín. Mama ta sani tun ranar da aka wanke bututu. Sai ta rufe nata, ta ce ita ta saba da sanyi, kuma kada in kuskura in gaya maka."

Sai na tuna safa biyun nan da kike sawa a cikin gida, waɗanda nake tsokanarki da su wai kina shirin hawa dutse. Haba, Doña Eulogia! Ke ce mai kiran wani tsohon rigima?

Yau ma na manta na buga dunduniya. Daɓen na nan da ɗuminsa. Na tsaya ina jira, babu wanda ya amsa, kuma wallahi ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Griselda da ƙanenki da duk dangin Cárcamo, Allah ya ba su haƙurin rashinki. Ke kuma Allah ya jiƙanki, ya yafe miki kurakuranki, ya saukar da ke inda ba za ki ƙara sa safa biyu ba. Amin.