Ragowar Yadin Mutane

A Riruwai na fara ganin bargon ƙyallaye. Na je duba ƙanwata da ta haihu, a tsakiyar damina, ruwa ba ya ɗaukewa, sanyi yana saukowa daga kan duwatsu har cikin ƙashi. Maƙwabciyarta, wata mata mai fara'a da mijinta ke haƙar kuza, ita ta ara min abin lulluɓa. Da gari ya waye na kasa ninke shi. Sai juya shi nake ina shafawa. Nan ja, nan kore, can mai zanen ganye, kowane guntu bai wuce tafin hannu ba, an haɗa su sun zama abu guda mai nauyi da ɗumi.

"Yaya, kin ƙura masa ido kamar za ki cinye shi," in ji ƙanwata.

Matar ta yi dariya, ta jawo kujera ta faɗa min abin da ake nema. Allura ƙarama ta haɗi, da babba ta ɗinke bargon gaba da baya. Zare mai ƙwari, almakashi mai kaifi. Kwali a yanka shi daidai tafin hannu, shi ne ma'auni. Guntun sabulu na jan layi, ta ce ya fi alli fita a jikin atamfa. Tsohon bargo a tsakiya, tsohon zane a baya. Sai ƙyallaye, su kuwa ta ce in je wurin kowane tela, shara ce a wurinsu.

Na dawo Yako da abin a raina. Mutane suna cewa ina da haƙuri, ban kuma musa ba, amma haƙurin a baki yake. Tun da yara suka girma aiki ya ragu a gidan, sai in tsinci kaina ina share inda na riga na share. In zauna, in tashi, in leƙa tukunya, in dawo. To yanzu ga abin da zan sa hannu a kai.

Kwalin sukari na yanka. Almakashi na ba Malam, mijina, ya kai aka wasa ranar kasuwa. Na kuma karɓe tsohon bargonsa wanda ya siɗe har kana hango rana ta cikinsa. Don kada allura ta ci yatsana, na tanadi guntun fatar da zan naɗa masa. Komai ya haɗu a cikin wani tsohon kwano, saura ƙyallaye, su kuma ban yi nisa ba wajen nemansu.

'Yata ta fari tana aure a gidan da ke jikin katangarmu. Ban taɓa kiran sunanta ba, a nan ma ba zan fara ba. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta kuma shiga faɗansa. "Yarinyar nan" nake cewa. Ta koyi ɗinki a Tudun Wada, mijinta ya saya mata keke, ɗinkin ƙaramar Sallar shekarar shi ne na farko da matan unguwa suka yarda suka kawo mata, maimakon su ba mai babur ya kai wa tela can bakin titi. Azumi gaba ɗaya ina jin keken ta kan katanga. Ban taɓa ce mata sannu da ƙoƙari ba, amma da ƙarar nake yin girki.

Bayan Sallah na shiga ɗakinta na tarar da ƙyallaye tsibi a ƙarƙashin keken. Na durƙusa ina cusawa a buhu.

"Inna, me za ki yi da shara?"

"Ke dai bar ni."

Na wanke su, wasu suka zubar da launi har ruwan ya koma kamar zoɓo. Na shanya, na goge, na zauna yanka. A nan na ga yawancinsu ba su kai girman kwalin ba. Yankan wuya ne da na hammata, masu lanƙwasa, da dogayen sirara na gefen zane. Sai in haɗa biyu ko uku, in daidaita zanen yadda ido ba zai gane ba, sannan in ɗora kwali in ja layi. Jan layi dai na iya, tun ajin yaƙi da jahilci malamarmu ba ta yarda da rubutu a karkace. Aikin ya ci ni. Ina tuƙa tuwo ina tunanin wane launi zai zauna kusa da wane. Har sallah sai da na yi ta kokawa da zuciyata.

Da fuskar bargon ta haɗu, kafin in sa mata tsakiya da baya, na shanya ta a igiyar tsakar gida don in ja baya in gan ta da kyau. Ranar ana suna a gidan da ke bayanmu, mata suna ratsawa ta gidanmu don yanke hanya. Suka fara tsayawa.

"Kai, Inna, wannan fa? Ashe kin iya!"

"Laa, ga atamfata ta Sallah!"

"Ga tawa can a ƙasa, mai tsuntsaye."

Ana ta dariya, kowa na neman nata, ni ma ina murmushi. Sai ga matar mahaucin unguwarmu, mace mai jiki da murya. Ta tsaya ta kama ƙugu. Atamfarta shuɗiya ce mai zanen fitila, mai kyau ƙwarai, shi ya sa na warwatsa ta ko'ina a jikin bargon. Ta dinga nuna su da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Ikon Allah. Ni aka ce wa yadi bai isa a yi min hannu mai faɗi ba. Ashe hannun rigata yana nan a kan igiya yana shan iska."

Dariya ta ɗauke. Na buɗe baki in ce guntaye ne, sai na tuna wa zan kare. Uwa ta tsaya a gaban taro tana wanke 'yar fari? Abin da za a tafi da shi gidan suna ke nan, a ce rashin kunyar ma gado ne. Na sunkuyar da kai na ce, "Allah ya ba ki haƙuri." Ita kuwa ta ɗauka na amsa laifi ne.

Kafin a watse daga sunan, zance ya gama unguwa: telar nan tana cin yadi, uwarta tana tarawa.

Babbar Sallah tana matsowa, lokacin da kowane tela ke korar aiki. Wata ta aiko a karɓo mata shaddar da ta riga ta kai wa yarinyar nan, wai ta canja shawara. Wata ta wuce ta ƙofar gida da atamfa a leda, ta tare mai babur. Keken ya yi shiru. Na rasa inda zan sa kaina. In ɗauki tsintsiya in ajiye, in je jikin katanga kamar ina duba kabewa, in saurara, babu komai sai kukan kaji. Bargon na cusa shi ƙarƙashin gado, in fito da shi, in sake cusawa. Abinci ma a tsaye nake ci. In wannan Sallar ta wuce ba a kawo mata ɗinki ba, na san shi ke nan, keken ya zama wurin ajiye kwanuka.

Yarinyar nan ta shigo wata safiya idonta a kumbure, ta gaishe ni ta zauna a bakin ƙofa.

"Inna, wallahi ko taku ɗaya ban taɓa rage wa kowa ba."

"Na ji."

"To ki faɗa musu mana."

Na ci gaba da tsince shinkafa. Ta jira, ta jira, ta tashi ta tafi.

Malam yana zaure yana jinmu. Da ya shigo alwala ya ce, "Ragowar yadi ta mai yadi ce, ko zare ɗaya ne. Kin tambaye su?"

"Shara ce fa, Malam."

"Ko shara ce, tasu ce. Su ya kamata su ce shara ce."

Maganar ta yi min zafi, amma a cikinta na ga ƙofa. Ba zan iya zuwa gidajen mutane in kare yarinyar nan ba. Amma ba wanda zai hana ni zuwa neman yafiya a kan laifina, na ɗaukar abin da ban tambaya ba. Na naɗe fuskar bargon, na ɗauki buhun guntayen da suka rage, na sa reza a bakin zane, na yafa mayafi.

Duk gidan da na shiga, bayan gaisuwa, sai in shimfiɗa bargon a tabarma a kife, bayansa a sama, inda duk haɗin yake a fili. In ce, "Na ɗauki ragowar yadinki ban tambaye ki ba. Ga shi nan. Ko ki yafe min, ko in farke in ba ki abinki." Ban ambaci yarinyar nan ko sau ɗaya ba. Su da kansu suke sunkuyawa su ga guntun da suka ɗauka babba ne ashe sirara uku ne aka haɗa. Su zura hannu a buhu su ciro yankan wuya kamar jinjirin wata.

"Inna, a kan wannan kika taso da ranar nan? Ko tsumman goge fitila bai kai ba. Na yafe."

Wata tsohuwa, sa'ar mahaifiyata, ta daɗe tana shafa nata, sannan ta ɗago.

"'Yar nan, wa zai lulluɓa da shi?"

"Malam ne, Gwaggo."

"Au! Mijinki zai kwana da zanena? To ki gaya masa ya aiko da sadaki."

Jikokinta suka fashe da dariya har da faɗuwa. Ta yafe, ta kuma sa aka ɗauko min wani tsohon ɗankwalinta ta ce in ƙara, tunda ango ya riga ya gani yana so.

Bafulatanar da ke kawo mana nono a hanya na gamu da ita. Ta sauke ƙwarya ta duba nata, ja mai ɗigo-ɗigo, ta ce ita dai in na gama in yi wa jaririnta ƙarami, rugarsu akwai sanyi. Ba kowa ne ya yi dariya ba. Wata amarya ta ce ba ta son guntun kayanta a hannun kowa, duniya ba gaskiya. Ban ja da ita ba. Na zauna a tabarmarta na farke nata da reza, na tsince zaren, na miƙa mata.

Gidan mahauci na bari ƙarshe, sau biyu ina kaiwa ƙofar ina juyowa. Da na shiga tana jajjage. Ta amsa gaisuwa ba ta dube ni ba. Na shimfiɗa, na faɗi abin da na saba faɗa.

"Farke min," ta ce.

Nata ya fi na kowa yawa, ga shi a warwatse ko'ina. Na zauna na fara. Rana ta take, ta karkata, ina farkewa, bargon yana zama kamar rariya. Duk wanda na cire sai in raba shi zuwa ainihin guntayensa in ajiye a gabanta. Da na gama ta tattara su, duka ba su cika tafin hannunta biyu ba. Ta jera su a kan cinya tana gwada haɗa su, ta juya wannan, ta juya wancan. Ko hannun rigar 'yar tsana ba za su yi ba.

"To ai ni ban ce ta sata ba," ta ce. "Cewa na yi hannun rigata ya matse."

"Haka ne."

"Kuma ya matse ɗin."

"Allah ya huci zuciyarki."

Ta ƙulle guntayen a leda ta ajiye. Ba ta ce ta yafe ba, ɗinkinta na Sallah kuma bakin titi ta kai. Amma zancen ya mutu daga ranar, don ba ta ƙara tayar da shi ba.

Aiki bai dawo gaba ɗaya ba, ban kuma daina zuwa jikin katanga ba. Jikokin tsohuwar nan ne suka fara kawowa, sai wadda ta karɓe shaddarta ta maido, wai dama telan can ya cika saɓa alkawari. Amaryar ma ta kawo, abin da ban zata ba. Yarinyar nan ta ɗauki sabuwar ɗabi'a: duk wadda ta zo karɓar ɗinki, sai ta haɗa mata da ƙullin ragowarta, komai ƙanƙantarsa. Wasu su tafi da shi, wasu su leƙo gidanmu su jefa min a cinya. Da su na toshe ramukan bargon, launin bai zauna kamar na farko ba.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah yarinyar nan ta leƙo ta kan katanga, zare a bakinta, ɗankwali ya zame.

"Inna, aiki ya yi min yawa. Ko za ki zo ki kama min sa maɓalli?"

"Ina da abin yi," na ce, ina neman takalmina.