Wayar Shitu Tana Ruwan Bago

Shitu mai cajin waya ne a kasuwar Rogo, rumfarsa jikin tawa ta ɗinki. Ban da caji, yana tura wa mutane karatu da wa'azi a memori. Yadda yake tsoron haƙƙin mutane har haushi yake ba ni: ko goro ya tsinta a benci sai ya zaga yana cigiya.

Wata ranar kasuwa Iya Talatu ta zo. Kirista ce mai sayar da daddawa, daga ƙauyen Ruwan Bago, kuma idonta ya yi rauni har ba ta iya karanta Littafi Mai Tsarki. Ta ce, "Ɗan nan, an ce akwai na saurare da Hausa. Sa mini a 'yar wayar nan."

Shitu ya sauke shi a babbar wayarsa, sai ya ga masu shi sun rubuta kada a kwafa wa kowa sai da izininsu. Na ce, "Tura mata mana! Wa zai biyo ka Rogo?"

Ya ce, "Malam, gumin wasu ne."

Maimakon ya tura, sai ya kira lambarsu. Wata mata ta ce masa kyauta ne ga kowa a manhajarsu, amma in ya bazu ta memori wani zai iya yankewa ko ya sauya magana, a ɗora musu laifin. Wayar Iya kuwa ƙarama ce mai maɓalli, ba ta ɗaukar manhaja.

Tsohuwa ta miƙe jiki a sanyaye. Wallahi ranar na so in rufe Shitu da faɗa. Sai na ji ya ce, "Iya, zauna." Ya share mata benci, ya sa mata abin ji a kunne da hannunsa.

Tun daga nan, duk ranar kasuwa in daddawa ta ƙare, nan take zama, ido rufe, leɓe na motsi. Masu son memori su jira. In an kira azahar ya bar mata tsaron rumfa, ita da ba ta gane mai shigowa sai ya yi sallama.

Daminar bara ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Kasuwa ta ci, ta sake ci, ba Iya. Shitu ya rasa sukuni, ni ma abin ya taɓa ni. Wata safiya ya cire layinsa daga babbar wayar, ya hau acaɓa zuwa ƙauyen su Iya. Da la'asar ya dawo riƙe da 'yar ƙaramar wayarta.

Na ce, "Sana'ar fa? Da me za ka tura?"

"Cajin ma ya isa."

"Haƙƙin masu shi fa?"

"Ban kwafa ba. Aro na ba ta."

"Zuwa yaushe?"

Ya jujjuya 'yar wayar Iya a hannu, idonsa ya kaɗa. Can ya ce, "Muddin ranta. Allah ya sa wayata ta daɗe a wurinta."