Kokon Geron Inna

Lokacin da nake aiki a kantin Turawa a Kumasi, Lahadi ce ranar hutuna. Da hantsi nakan sulale zuwa teburin mai shayi kusa da tashar jirgin ƙasa, in cika cikina da shayi da burodi. In na dawo unguwarmu ta Zango sai in tarar da kokon da Inna, mahaifiyata, ta dama mini, rufe da faifai. Don kada ta gane a waje na ƙoshi, na ce mata kokon masara ne ke ɓata mini ciki.

Ashe fataken arewa ta yi ta bi har ta samo gero, abin da ke wuya a ƙasar Asante. Ta durƙusa gaban dutsen niƙa da gwiwoyinta masu ciwo.

Da Lahadi ta zagayo na shigo cikina dam. Ta miƙo mini ƙwarya.

"Sha, ɗan nan," in ji ta. "Na gero ne, ba zai dame ka ba."

Na shanye da ƙyar. Har ta rasu, kowace Lahadi sai ta niƙa geron nan, ni kuwa ban taɓa faɗa mata gaskiya ba.