Fom Ɗin da Na Ƙi Sa wa Hannu

Akwai abu ɗaya da na aikata wanda da za a ba ni dama in koma in warware shi, da na koma ko da a ƙafa ne. Na hana wata yarinya 'yar shekara goma sha bakwai shiga karatun kwaleji. Ba ta yi mini komai ba, ubanta nake jin haushi. Da hankalina na yi, kuma ba zan ɓoye ba, a lokacin na ji daɗi.

Ni ba mai zurfin boko ba ne. Shekara biyu na yi a sakandare, na kama aikin akawu a ƙaramar hukuma har na yi ritaya. Maiɗakina ce mai karatu. Tana koyarwa a wata kwaleji, aka turo ta Kuala Lumpur ta yi digiri na uku, ni kuma na biyo ta don kar ta zauna a ƙasar mutane ita kaɗai. Bizar da aka ba ni irin wadda ake ba mata da yara ce, ta ɗan rakiya, mutanenmu na can suna ce mata difendan. Ba ta yarda mutum ya yi aiki ba. Muka kama gida a hawa na tara a Cheras. Da safe ita ta tafi jami'a, ni in yi cefane in ɗora tukunya. A garinmu ban taɓa riƙe ludayi ba, a can na koya, kuma ban ɗauke shi abin kunya ba sai ranar da aka mayar mini da shi abin dariya.

Wata Juma'a ce bayan an sauko daga masallaci. Mun saba haɗuwa a wani mamak a Sri Petaling, irin wuraren shan shayi da cin abinci na Indiyawa Musulmi. Ana maganar wanda zai shugabanci ƙungiyarmu ta 'yan arewa, sai wani ya ce a ba ni, tunda ni ne babba. A wurin akwai wani malamin jami'a da ke karatu irin na maiɗakina. Tun bai gama ba muke ce masa Dokta, shi ma bai taɓa hanawa ba.

Ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba ai difendan ne. In za mu kira taro sai mun fara neman izini wajen Hajiya."

Aka yi dariya. Ana cikin haka mai hidima ya kawo mini abincin da na ce a ƙunsa wa maiɗakina a leda. Dokta ya kalli ledar ya ce, "Ku bar shi ya tafi, kar abincin maigida ya huce."

Yaran da na haifi kamarsu har da buga tebur. Ni ma na yi murmushi, na ɗauki ledata na fita. A cikin jirgin ƙasa har Cheras ina jin maganar tana tafasa a ƙirjina. Na yi shekara talatin mutane suna tsayawa gaban teburina suna jiran in sa musu hannu, yau ga ni an mayar da ni matar gida a gaban samari. Ban gaya wa kowa ba, ko maiɗakina. Na riƙe abin wata takwas. In mun haɗu da Dokta in amsa gaisuwarsa da fara'a, a raina ina cewa akwai rana.

Ranar ta zo da kanta. Dokta zai koma gida wata huɗu don tattaro bayanan bincikensa. Ya zo har gidanmu ya ce ya bar mini amanar iyalinsa, kamar yadda ake yi. Har ya rubuta sunana a makarantar 'yarsa ta fari a matsayin wakili. Ya ce, "Baba, kai ne babbanmu, kai ne kuma mai lokaci." Wannan mai lokacin ma na haɗa shi da na baya na ajiye.

Bai fi mako uku da tafiya ba yarinyar ta zo mini da wata doguwar ambulan, ko kayan makaranta ba ta cire ba. Tun tana 'yar shekara goma take ƙasar, Hausarta duk ta cakuɗe da Turanci da Malay. Mun saba tsokanar juna, ina ce mata 'yar boko, tana ce mini tsoho mai ran ƙarfe.

Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta yi mini bayani. Makarantarsu ta yi yarjejeniya da wata kwaleji. Za a zaɓi 'yan ajin ƙarshe kaɗan su riƙa zuwa can Talata da Alhamis da yamma suna ɗaukar darussan kwaleji tun suna sakandare. Makin da suka ci za a lissafa musu shi a karatun gaba. Wanda ya yi ƙoƙari kuma, kwalejin za ta ɗauke shi kai tsaye, ya samu bizar ɗalibi ta kansa.

Ta ce, "Ka gane, Baba? Abba zai gama baɗi, bizarmu duka za ta ƙare. In na shiga wannan zan iya zama a hostel in karanta harhaɗa magunguna. In ban shiga ba sai dai in koma gida in fara rubuta jarrabawar can daga farko."

Na ce, "To 'yar boko, ni me zan yi a ciki?"

"Sa hannu kawai, tsoho. Ranar Litinin za a rufe. Boleh?" Haka suke cewa in suna tambayar ko abu zai yiwu.

Biro yana aljihun rigata. Ba zan ce Shaiɗan ya ja hannuna ba, ni na bar shi a aljihun. Na ce mata magana babba irin wannan sai na ji ta bakin ubanta, ta bar fom ɗin ta dawo jibi. Tana fita na ɗaga tukunyar shinkafa ta lantarki na sa ambulan a ƙarƙashi. Ban kira kowa ba.

Da ta dawo na haɗe fuska na ce, "Na yi magana da babanki. Ya ce a'a. Ya ce ki gama sakandare tukuna, kuma kar a dame shi da zancen, yana cikin aiki."

Ta kalli tafin hannunta. Can ta ce, "Bai faɗi dalili ba?"

"Uba ba ya bin 'yarsa da dalili."

Na san ba za ta kira shi ta yi musu ba, don ba haka aka tarbiyyantar da ita ba. Da tarbiyyar tata na yi amfani. Uwarta kuwa daga baya na ji ta taɓa wa mijin zancen a waya, ta ce maganar makarantar yarinyar nan fa. Shi bai san wace magana ba, yana sauri, sai ya ce duk abin da Baba ya ce shi ke nan. Da na ji haka har dariya na yi ni kaɗai a kicin. Da bakinsa ya rufe mini ƙofar.

Ranar Litinin na sa babbar riga na je makarantar. Malamar ajinsu, wata 'yar Malay mai sanyin murya, ta ce yarinyar ce ta fi kowa a lissafi da kimiyya, ko za a ba ta lambar uban ta roƙe shi. Da ɗan Turancina na ce mata yana ƙauye inda babu sabis, kuma a al'adarmu in uba ya yanke magana ta yanku. Ta gyaɗa kai ba ta so ba, ta ja layi a kan sunan, aka ba wani yaro gurbin. Na fito ina jin kamar an sauke mini dutse. A tashar bas na sayi ruwan kwakwa na sha a tsaye, ina ayyana fuskar Dokta ranar da zai gane cewa difendan ma yana da inda hannunsa ke aiki.

Watannin da suka biyo baya yarinyar ta daina tsokanata. Ran Talata da Alhamis motar kwaleji takan kwashi ƙawayenta a ƙofar makaranta, ita ta hau bas ta dawo gida. Wata rana ma ta kawo mini dambun da uwarta ta yi, ta ce ta gode da ƙoƙarin da na yi mata wajen Abba. Na karɓa na ci.

Dokta ya dawo ya tarar 'yarsa ba ta haɗa ido da shi, daga gaisuwa sai ta shige ɗaki. Bai gane ba sai ranar taron iyaye, da malamar ta ce masa ta yi baƙin cikin hukuncin da ya yanke. Daga makarantar kai tsaye ya yo gidanmu. La'asar ce, ina yanka albasa. Bai ko zauna ba.

"Baba, yaushe muka yi magana da kai a kan karatun yarinyar nan?"

Na ci gaba da yankana na ce, "Ba mu yi ba."

"To me ya sa?"

Wata goma sha biyu ina tanadin amsar. Na ce, "Ni da nake difendan, ina ni ina sa hannu a takardar masu karatu? Ai sai na nemi izini wajen Hajiya."

Ya tsaya yana kallona. Wallahi bai ma tuna ba, sai da na ambaci mamak da ledar abinci. Wannan ya ƙara ƙona mini rai, a ce abin da ya hana ni sukuni shekara guda shi ko a ransa bai kwana ba.

Ya ce, "Saboda wasa, Baba?"

"A gaban 'ya'yan cikina ka yi wasan."

"To da ka kira ni ka zage ni. Da ka mare ni ma, zan tsaya. Ita me ta yi maka?"

Na ci gaba da yanka albasata. Ya juya ya fita. Ko a lokacin ban yi nadama ba. Da na ji yana ta zirga-zirga tsakanin makaranta da kwaleji yana roƙo da dogon Turancinsa, sai na ji wani sanyi a raina. Suka ce masa darussan sun yi nisa, kuma shirin na waɗanda ke sakandare ne kawai, baɗi kuwa ta riga ta gama. Ƙofar da ta rage ita ce ya biya mata kuɗin kwalejin da kansa, ta masu hali ce, shi kuma ba shi da shi.

Maiɗakina ce ta fara fasa mini daɗin. Da labarin ya zo mata ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Malam, ni ma wani ne ya sa mini hannu ina yarinya, shi ya sa muke nan." Ta yi kwana biyar ba ta ci abin da na dafa ba.

Dokta ya gama, bizarsu ta ƙare, suka koma. Ban je rakiya ba. Yarinyar ta yi shekara biyu tana fama da jarrabawar gida, daga ƙarshe ta samu gurbi a wani fanni da ba shi take so ba. Bayan mun dawo mu ma, na nemi lambarta na kira. Na faɗi abin da na yi da bakina, na roƙi gafara. Ta saurare ni har na gama.

Sannan ta ce, "Na yafe, Baba. Da ma ka ce mini kai ne ba ka so. Wata huɗu ina jin haushin Abba a kan abin da bai sani ba."

Ba ta ƙara ce mini tsoho ba, ni ma ban ga fuskar ce mata 'yar boko ba. Dokta kuwa mun gaisa sau biyu a wajen ɗaurin aure, iyakarta ke nan. Ban ce ya kyauta ba, har yau in na tuna dariyar nan raina yakan sosu. Amma shi ya karɓi digirinsa ya koma kujerarsa, babu abin da na rage masa. Yarinyar ce ta biya.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, kar ya yi irin abin da na yi. In wani ya ci maka mutunci, je ka same shi ka faɗa masa, ko ka bar shi da Allah. In kuma an bar maka amanar ɗan wani alhali kana jin haushin ubansa, ka ce ba za ka iya riƙewa ba tun kafin ya tafi.