Dubu Huɗun Ƙawata

Ni da ƙawata a unguwa ɗaya muka tashi a Maska, bayan karofin marina, inda ruwan baba ke bin lungu yana ɓata wa kowa ƙafa. Tun muna tallar fura muka ƙulla ƙawance yadda ake ƙullawa, da goro da lalle, iyayenmu mata suka shaida. Ita mai dariya ce, abu kaɗan sai ta riƙe ciki. Ni kuwa tun ina yarinya an san ni da taurin kai, ba na son a ga kasawata ko a wasan gaɗa ne. Ba ni da wadda nake so kamarta, har cikin 'yan ɗakinmu.

Ƙawance da biki yake tafiya. A wurinmu mata, biki shi ne kuɗin da ƙawa ke kawo miki ranar sha'aninki, aure ko suna, ke kuma ranar nata ki ninka ki mayar. Ranar aurena ta kawo wuri ɗari biyu, kuɗin wancan zamani. Ranar nata na kai ɗari huɗu, ina ta hura hanci. Wadda ta kasa mayar da biki ba a kai ta gaban alƙali. Ƙawancen ne kawai ke mutuwa, mata su sami abin taunawa a bakin rijiya.

Ni gidan manoma aka kai ni. Mijina yana cikin gandun ubansa, da damina noma, da rani saƙa, abin da ya samu kuma hannun tsoho yake shiga. Ita aka kai ta gidan wani falke mai zuwa Gwanja sayen goro, wanda in ya tafi sai a shekara ba a gan shi ba, in ya dawo kuwa unguwa duk ta sani.

Da na yi haihuwar fari ina gidanmu wanka. Ranar suna mata suka cika tsakar gida, gwaggona, ƙanwar ubana, ta zauna bakin ƙofa da faifai tana karɓar biki tana ƙirgawa. A lissafi ɗari takwas ke kan ƙawata. Sai ga ta da kuyanga a baya, ɗauke da kwando. Mijinta bai fi kwana goma da dawowa ba. Aka juye wuri a tabarma, Gwaggo ta yi ta ja biyar biyar tana tarawa, har hirar mata ta tsaya suka koma kallo. Dubu huɗu cif.

Gwaggo ta shigo ɗaki inda nake, ta rage murya.

"Ke, wanga kaya ya fi ƙarfin wuyanki. Bari in ɗebi ɗari takwas in mayar mata da saura. Haka ake yi, ba abin kunya ba ne."

Gaskiyarta, haka ake yi. In biki ya yi nauyi, mai sha'ani takan ɗebi abin da za ta iya ninkawa, a mayar da sauran nan take, ba wanda zai ce uffan. Amma ina jiyo matan waje suna cewa Allah ya ba wance ƙawa, kuma na hango ƙawata ta gefen asabari, fuskarta fal murna.

Na ce, "Gwaggo, bar shi. Ni ma ɗiyar mutane ce."

Ta dube ni ta ce, "To, ɗiyar mutane, Allah shi ba ki wuyan ɗauka."

Kada a tambaye ni inda dubu huɗun nan suka shiga. An sallami ungozoma, an ba zabiya, an sayi itacen wanka da kanwa, na yi zane ɗaya mai kyau. Kafin in koma ɗakina babu ko wuri ɗari a tukunyata. Wata biyu bayan haka ƙawata ta zo ta raɗa mini cewa tana da ciki. Na rungume ta, ina yi mata barka, ina lissafi a zuci.

Dubu takwas. Ban gaya wa mijina ba, don biki ba zancen maza ba ne, kuma ko na faɗa ba shi da shi. Na ba dillaliya tasoshina biyu na gara da sabon zanen nan, ta kawo mini dubu biyu. Saura shida. Akwai wata tsohuwa mai daddawa a bakin kasuwa wadda kowa ya san tana ba mata rance. Na je na durƙusa na gaishe ta, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ta ce, "Ni ba ni cin ruwa, ɗiyata, malamai sun hana. Amma an ce hannunki na da kyau a kaɗi. Da zare za ki biya ni. Kowane mazari in karɓa a ɗari."

A kasuwa mazarin zare irin nawa ɗari da hamsin masaƙa ke saye. Na san haka, ita ma ta san na sani. Na ce na gode, Iya. Ta ɗauki gawayi ta ja layi sittin a bangon zaurenta, ta ce duk mazarin da na kawo za ta goge ɗaya.

Ranar sunan ɗan ƙawata na kai dubu takwas, ni da kaina na ɗauko a ka don ba ni da kuyanga. Aka ƙirga, aka yi guɗa. Wata tsohuwa ta ce ba ta taɓa ganin ƙawaye irinmu ba. Daɗin da na ji bai kai ni ƙofar gida ba.

Daga nan sai kaɗi. Mazari sittin ba yawa a baki, amma audugar ma saye nake, kuma ba ni da abin saye. Saboda haka in na kaɗa biyu, ɗaya na tsohuwa, ɗaya na kasuwa don in sami kuɗin auduga da ɗan gishiri. Zare mai laushi kuwa ba ya son gaggawa. In na gama daka da tuwo da ɗebo ruwa, sai in zauna gindin rumbu in gurje auduga, in fid da gurya, in saɓe ta, in shafa alli a yatsa in murza mazari. Ranar da hannu ya yi gudu in yi rubu'in mazari. Da damina, in an shiga kai abinci gona, sai mako biyu ya wuce ban cika ɗaya ba.

Mutane suna tsammanin mai bashi kullum cikin kuka take. Ni kukan wata ɗaya na yi. Bayan nan sai abin ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, a taɓa ba ki ji ba. Ba na baƙin ciki, ba na murna. Tuwo in ci, ban san ko da gishiri a miyar ba. Ɗiyata ta fara tafiya a tsakar gidan da nake zaune, amma uwar mijina ce ta gaya mini, don idona na kan zare. Na ɗaga kai na ce madalla, na ci gaba.

Akwai ranar da aka yi kururuwar mahara, mutanen ƙauye suka yi ta kwararowa cikin ganuwa da awaki da jakuna, aka rufe ƙofofi. Kowa a gidanmu ya rasa inda zai sa kansa. Ni na goya yarinya, na ɗauki taskirar kaɗi, na shiga ɗaki na zauna ina murzawa. Uwar mijina ta leƙo ta ce, "Ke wace irin zuciya gare ki?" Ba jarumtaka ba ce. Abin da na yi tunani shi ne, in sun shigo sun kama ni, layin da ya rage a bango talatin da ɗaya ne, sai tsohuwa ta san yadda za ta yi da su. Maharan ma ba su iso ba, ta wajen Tsiga suka bi.

Ƙawata takan zo duk bayan 'yan kwanaki, da la'asar, da ɗanta a baya da ɗan goro a ƙulle a gefen zane. Ta zauna ta yi ta zuba, wance ta yi yaji, wane ya faɗi daga jaki a gaban surukinsa. Da, ni ke ƙara wa labari gishiri har mu kwanta don dariya. Yanzu sai in ce "uhm," hannuna na aiki. In ta yi sallama, abin da ke fara zuwa raina shi ne yau rubu'in mazari ya tafi.

Wata rana ta ce, "Ƙawa, kin rame. Mi ke damunki?"

Na ce, "Goyo ne."

"Ko wani abu na yi maki?"

"Mi za ki yi mani?"

Ta kalli hannuna. Na ga kamar akwai magana a bakinta, amma ban ba ta hanya ba, ita ma ba ta nema ba. Ta ajiye goron a kan faifai ta tafi.

Shekara biyu da wata huɗu na yi. Ranar da na kai mazari na ƙarshe ina da cikin wata biyar. Tsohuwa ta juya shi, ta ja zaren ta gwada a haƙori kamar yadda ta saba, sa'an nan ta sa tafin hannu ta goge layin da ya rage.

Ta ce, "Shi ke nan, mun rabu lafiya. Ke kam kina da amana." Ta ba ni daddawa guda biyu.

Na tsaya a zauren ina jiran in ji wani abu. Na daɗe ina cewa ranar nan zan yi guɗa, zan sayi nama, zan yi kitso. Ba abin da ya zo. Na koma gida, na ajiye daddawa a ƙoƙo, na zauna gindin rumbu. Can na lura ashe hannuna ya riga ya jawo taskira.

Na haifi namiji bayan kaka. Wannan karon a ɗakina aka yi suna, Gwaggo ta zo ta kama faifanta. Ban manta da abin da ke tafe ba, na dai ƙi tuna shi ne. Da hantsi sai ga ƙawata, ita da kuyanga kowa da kaya a ka. Aka juye. Gwaggo ta nemi mata biyu suka taya ta ƙirga. Dubu goma sha shida. Guɗa ta tashi har maza a zaure suka aiko tambaya ko lafiya.

Gwaggo ta shigo ta tsaya a kaina. Dubu talatin da biyu ke nan a kaina in na karɓa.

Na ce, "Gwaggo, ɗebi ɗari. Ki mayar mata da saura."

Ban rage murya ba, ban kuma ɗaga ba. Wata a tsakar gida ta ce ai haka ake yi, hira ta ci gaba. Abin da na yi shekara biyu ina gudu ke nan, bai kai tsawon shan ruwa ba.

Da mata suka fara raguwa ƙawata ta shigo ta zauna a bakin gadona. Na zaci fushi za ta yi. Sai ta kama hannuna ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

Ta ce, "Ƙawa, Allah shi yi maki albarka, kin sauke mani dutse. Wallahi tun ranar da kika kawo dubu takwas hankalina bai kwanta ba. Dubu huɗun can goro ne maigida ya ba ni da ya dawo, na sayar, murna ta ɗebe ni na kwaso duka. Bai sake ba ni irinsa ba, tafiyarsa ta baya ma hasara ya yi. Awakina ukku na sayar, da mundayen da na gada wurin innata, sauran na ranto. Sau nawa na zo in ce maki mu rage, in ga fuskarki in kasa."

Na tambaye ta wurin wa ta ranto.

Ta ce, "Wurin mai daddawa mana. Yau ɗin nan zan mayar mata da nata." Ta sake yin dariya, ta kifa kai a kafaɗata tana kuka sosai.

Na san abin da ya kamata in yi. In rungume ta, in gaya mata nawa, mu yi kuka tare, mu yi wa kanmu dariya, mu koma yadda muke. Na duba cikin zuciyata in ɗauko son da nake mata, wanda saboda shi na yi duk wannan, ban same shi ba. Ba ƙiyayya na tarar ba, ba fushi ba. Babu komai ne kawai. Tana kuka a kafaɗata, ni kuwa ina lissafin mazari nawa ne awaki uku.

Na ce, "Bar kuka, Ƙawa, kada ki ta da jariri."

Ban taɓa gaya mata labarin layi sittin ba, tsohuwar kuma ta riƙe bakinta har ta mutu. Muka ci gaba da biki, ɗari, ɗari biyu, in ya kai ɗari takwas mu komo ƙasa. Mun aurar da 'ya'ya tare, mun yi wa jikoki suna. A Maska in ana yi wa 'yan mata faɗa a kan riƙon ƙawance, mu ake nunawa. Ita ta koma dariyarta tun a makon nan, kuma na tabbata har ranar da aka kai ta makwancinta tana ganin ni ma na komo. Na yi ta jira son nan ya dawo, shekara ta bi shekara, bai dawo ba. In ta yi sallama ina amsawa, in shimfiɗa mata tabarma, in kawo mata ruwa.