Inna Nuhad, Mai Fito da Fuskar Tsoffin Sulalla

Kafin maƙeran tagulla su fara ƙwanƙwasa a tsohuwar kasuwar Tarabulus, Inna Nuhad Shahal ta riga ta iso. Takan tsaya wurin mai burodin riɗi ta sayi guda, ta ce ya rage cukwi tunda ba bikinta ake yi ba, sannan ta haura matakala bakwai zuwa ɗakin da ke saman maƙerar marigayi mahaifinta. Tebur ɗaya ne, taga ɗaya, sai kwalabe jere reras, wasu da ruwa wasu da man zaitun, kowace da abin da aka jiƙa a cikinta. Ta ɗora gahawa, ta saƙala madubin ƙara girma a ido, ta ɗauki tsinken sakace. Daga nan har azahar ba ta san kowa ba. Yau shekara arba'in da shida ke nan.

Aikinta wanke tsoffin sulalla ne, waɗanda Faranjawa, wato Turawan wancan zamani, suka buga sa'ad da suka zo da yaƙin gicciye suka kafa sarautu a gaɓar tekun nan, kimanin shekara ɗari takwas da suka shige. Garma ke tono su a gonakin zaitun, masu haƙar tushen gini su tsince su a ƙasa. Suna zuwar mata kamar tsakuwa. Sai ta yi wata biyu, wani lokaci uku, tana ɓanɓarar tsatsa kaɗan-kaɗan har fuska ta fito: kan mayaƙi da hular ƙarfe, ko tauraro, ko soro mai hasumiya uku.

Tana da shekara ashirin da biyu ta fara. Ta kawo wa mahaifinta abincin rana, ta tarar zai juye tarkacen tagulla a tukunyar narkawa, sai idonta ya kai kan wani kwabo mai hoton ƙofar gari. Ta roƙe shi ya bar mata. Ya miƙa mata yana dariya, ya ce ta sani dai ba a yin miya da tarihi. Tun daga ranar duk tarkacen da ya shigo maƙerar sai ya bi ta hannunta. Ba ta yi karatu mai zurfi ba. Littattafan aro ta dinga tauna, da tambayar duk wanda ya fi ta sani, har manoma suka san cewa akwai wata mace a layin maƙera da ke tambayar a wace gona aka tsinci abu kafin ma ta dube shi, ta kuma rubuta.

Shekarar da yaƙin basasa ya shigo unguwarmu, masu bindiga suna fasa shaguna suna kwashe duk abin da ke ƙyalli. Kamil mai sabulu, maƙwabcinta, yana nan da ransa, shi ya ba ni labarin. Ta zo masa da hantsi da sulalla ɗari uku a ƙunshe cikin mayafi, kowane ta naɗe shi da ƙyalle mai kakin zuma. Sabulun bai gama daskarewa ba, suka dinga tura su ciki ɗaya bayan ɗaya. Da 'yan bindiga suka iso, kwandunan sabulu suka tarar. Ɗaya ya ɗauki guda ya shinshina, sai ta ce, "Ɗauki mana, ɗana, alama ta nuna kana bukata." Abokansa suka bushe da dariya, ya jefar da shi don kunya.

Ke ce, Inna, kika tsaya ranar da maza suka nemi bango suka jingina.

Akwai kuma Badi'a, wata bazawara daga ƙauyukan Akkar, wadda ta tono 'yar tukunya cike da sulalla a gindin zaitun ɗin mijinta. Wani dillali ya ce mata jabu ne, ai ga rubutun Larabcin ma ba ya karantuwa, ta kawo ya taimaka ya raba ta da su. Allah ya sa ta biyo ta layin maƙera. Inna Nuhad ta duba, ta gaya mata zinariya ce tsantsa: Faranjawa ne suka kwaikwayi dinarin Musulmi alhali ba su iya karatun ba, suka zana haruffa kamar sawun kaza, shi ya sa ba ya karantuwa. Da ta ga dama da ta yi shiru ta saye su arha, babu mai sani. Rufe ɗakinta ta yi, ta raka matar har ofishin kayan tarihi, ta yi ta sintiri wata biyar sai da aka ba Badi'a ladan tsintuwarta. Har yau duk kaka tulun man zaitun na zuwa daga Akkar.

Amma abin da ke cikin ranta ba kowa ya sani ba. Cikin farantan da take jera sulallanta, a na huɗu akwai gurbi biyu a jere, ɗaya da sulen azurfa mai hasumiya uku, ɗaya wayam. Da can sulalla biyu ne, tare aka tsince su. Ƙanenta Marwan, wanda ita ta goye shi bayan rasuwar uwarsu, ya bar gari a shekarar yaƙin. A bakin tashar jirgin ruwa ta danƙa masa guda.

"Aro na ba ka," ta ce. "Da hannunka za ka mayar da shi gurbinsa."

"Yaya, kafin zaitun ya nuna sau biyu ina nan," in ji shi.

Zaitun ya nuna sau arba'in saura kaɗan. Marwan na can Ostareliya, ya yi jikoki, yanzu ƙafa ta hana shi doguwar tafiya. Duk Juma'a yakan kira. Ya sha cewa zai aiko da sulen, ita kuma ta ce ba da ɗan aike suka yi alkawari ba. Ya ce to ta tattara ta zo, ta ce wa zai ji da kwalabenta. Sai su koma zancen ruwan sama da tsadar nama, kowa na jin abin da ɗan'uwansa ya haɗiye.

Bana idonta ya gaza. Likita ya ce ta ajiye madubin, in ba haka ba ɗan ganin da ya rage zai tafi. Dillalai suka yi ta hawa matakalar nan, har da masu zuwa daga ƙetare, ta shayar da su gahawa ta sallame su. A watan jiya ta miƙa faranti goma sha tara da takardun bayaninsu ga gidan ajiyar kayan tarihi, kyauta, don 'ya'yan gari su gani. Sharaɗi ɗaya ta kafa: kada a cike gurbin nan na faranti na huɗu. Ma'aikaciyar da ta karɓa ta tambaye ta me za a rubuta a ƙarƙashinsa. Ta ce a rubuta, yana hanya.

Inna Nuhad, uwar haƙuri, mun gode. Ba a taɓa kiran sunanki a taro ba, kuma ba ki taɓa nema ba. Ke ce kika koya mana cewa abin da ƙasa ta riƙe amana shekaru aru-aru, bai kamata mutum ya sayar da shi a yini guda ba. Layin maƙera ya yi mana faɗi tunda tagarki ta daina buɗewa, mai burodi ma ya ce safiyarsa ta rasa gishiri. Allah ya saka miki, ya haɗa fuskokinku ke da Marwan.

Ku kuma masu tsintuwa a gona ko a tushen gini, ku yi koyi da ita: ku tambayi asalin abu kafin ku tambayi farashinsa. In kuma kun shigo Tarabulus, ku je ku gaishe ta, gidanta na bayan masallacin layin masu sabulu. Ba sai kun ce komai ba. Ku ɗora mata abin da kuka tsinta a tafin hannu, za ta shafa shi da babban yatsa, ta gaya muku wane sarki ne, sannan ta tambaye ku gonar wa.