Layin da Dogo Ya Goge

Kawu ake ce masa a ofis, don ya girmi duk masu rubuta manhaja na wurin. Da gyaran firinta ya fara neman abinci, ya koya wa kansa sauran aikin da tsohuwar kwamfutar da wani ya yar. Shekararsa goma sha ɗaya a kamfanin, ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba.

Kamfanin yana sayar da manhajar lura da ɗakunan sanyi, inda 'yan kasuwa ke ajiye kifi da nama. Manhajar sassa-sassa ce: wani sashe yana auna sanyi, wani yana ajiye rahoto, wani kuma yana aika gargaɗi zuwa waya idan inji ya mutu. A da, duk sashen da za a ƙara sai an kutsa cikin manhajar an yi masa rajista da hannu, a gyara nan a ɓata can. Kawu ya duƙufa wata uku ya kawo sauƙi: fayil guda, kowane sashe da layinsa. Manhaja na tashi sai ta karanta fayil, duk sashen da ta gani a rubuce ta ɗauko shi ta sa shi aiki. Wanda ba shi da layi kuwa, ba ta san da zamansa ba.

A teburin da ke kallon nasa Dogo yake zama. Ɗaki ɗaya suka yi haya kafin su yi aure, kuma Kawu ne ya tsaya masa har aka ɗauke shi aiki. 'Ya'yan Kawu Baba Dogo suke ce masa.

Wata Alhamis Dogo yana gwaji, sashen gargaɗi ya ishe shi da ƙara, sai ya goge layin sashen daga fayil. Ya manta bai mayar ba, ya tura fayil ɗin haka ga wani mai kifi. Ranar Asabar injin mutumin ya mutu, babu wayar da ta yi ƙara. Kafin Litinin kifi ya ruɓe.

Kawu ya duba tarihin fayil, inda kowane gyara ke barin sunan mai yinsa, ya ga komai. Ya ja Dogo gindin matakala.

"Don Allah ka rufa min asiri," in ji Dogo, idonsa ya yi ja. "Kai dai mayar da layin yanzu, kada wani ya sake yin asara. A taro ni zan faɗa da bakina."

Kawu ya koma ya mayar da layin.

A taro manaja ya tambayi yadda aka yi. Dogo ya gyara zama.

"Yallaɓai, dama ni tun farko hankalina bai kwanta da wannan tsari ba. In sashe ya ɓace, shiru yake yi. Kuma ga shi, wanda ya taɓa fayil ɗin a ƙarshe Kawu ne, yau da safe."

Ya juya allon kwamfutarsa kowa ya gani.  Kawu yana kallon Dogo, Dogo kuma yana kallon tebur.

Washegari Kawu ya kai wa manaja cikakken tarihin fayil ɗin. Manaja bai ko karɓi takardar ba. "An riga an rubuta wa mai kifi cewa kuskurenka ne, Kawu. A bar maganar."

Aka mayar da shi teburin amsa ƙorafin masu saye, aka damƙa wa Dogo kula da fayil. A gida matar Kawu ta ce, "Baban yara, ka je ka sami Dogo mana." Ya ce me zai tambaye shi da bai gani da idonsa ba? Bayan wata shida ya ajiye aikin, ya koma wata ƙaramar makarantar kwamfuta yana koyarwa.

Shekara ta zagayo, sai ga wayar Dogo. Manhaja ta ƙi ɗauko wani sabon sashe, sun kwana uku a kai. Kawu ya saurara, ya tambayi yadda aka jera layukan, ya gaya masa wanda ya kamata ya zo kafin wani. Dogo ya gwada, ta tashi.

"Kai, Allah ya biya ka," in ji Dogo.  "Ya yara?"

Kawu ya kashe wayar, ya koma aji.